Masu nemo mai kango: sharhi kan wani ofishin dillalai da nake hulɗa da shi a Kano

Sana'ata sayar da kayan gini a Ƙofar Ruwa, rodi da kwano da ƙusa, amma 'yar ribar da nake samu ba na barin ta ta kwana a banki. Kango nake saya. Gidan da aka kai linta aka tsaya, ko wanda aka rufa aka bar shi babu ƙofa babu taga, in ƙarasa shi in zuba 'yan haya ko in sayar. Wanda ya taɓa wannan harka ya san ganin kango ba shi ne aiki ba. Daga Rijiyar Zaki zuwa Danbare, daga Sabuwar Gandu zuwa Medile, ko ka bi ta Mariri, ga su nan birjik, wani har darbejiya ta fito a tsakiyar falo ta fi ginin tsayi. Aikin shi ne mai shi. Wane ne? Yana raye? Yana gari? In ya rasu, su wa suka gaje shi, kuma a cikinsu wa ke da ta cewa?

Abokan kasuwa sun sha tambayata wa ke nemo mini mutanen nan. Wani ofishi ne ɗan ƙarami a jerin shaguna kan hanyar Gwarzo, in an wuce Kabuga. Ba zan kama sunansa ba, don zan faɗi alherinsu zan kuma faɗi inda suke ba ni haushi. Mutum uku ne. Akwai dattijon da ke da wurin, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana bin masu safiyo yana riƙe musu tef, muna ce masa Baba. Akwai saurayi mai kwamfuta. Sai na ukun mai babur, wanda shi ne ƙafar ofishin.

Bambancinsu da sauran dillalai shi ne wannan: dillali na kullum yana kawo maka abin da ke kasuwa, wanda mai shi ya riga ya ce a sayar, kuma kafin ya iso gare ka ya bi ta hannun mutum biyar kowa ya ɗora nasa. Waɗannan kuwa kai ne kake nuna musu wurin da ba a sa a kasuwa ba, ka ce a nemo maka mai shi. Suna karɓar naira 30,000 kan kowane wuri a cikin gari, kuɗin mai da na goro. In neman ya kai su wata jiha, kuɗin mota naka ne. In sun nemo mutumin ya ce ba ya sayarwa, kuɗinka ya tafi, domin sun yi abin da ka sa su. In sun kasa gano shi, suna mayar maka da rabi. In ciniki ya faɗa, la'ada kashi 5 cikin 100, a cire abin da ka bayar tun farko. A ganina farashin bai yi tsada ba, in ka auna shi da ranakun da za ka rufe shago kana yawon tambaya a unguwar da ba a san ka ba.

Wani kango a Danbare, can bayan sabuwar jami'a, shi ya fi nuna yadda suke aiki. Ɗaki huɗu ne da falo, an rufa, ba a yi filasta ba. A jikin katanga an rubuta da jan fenti cewa gidan ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 'yan damfara, ga lambar waya a ƙasa. Da aka kira lambar wata yarinya ce ta ɗauka, ba ta jin Hausa, ba ta kuma taɓa zuwa Kano ba. Wannan ba sabon abu ba ne. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, kuma tun da aka rufe layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba a 2024, lambobin da ke jikin katangu da yawa sun zama ado kawai. Baba ko kallon lambar bai ƙara yi ba.

Ni da na ɗauka maƙwabta zai fara tambaya. Bai yi haka ba. Ya ce maƙwabcin kango a sabuwar unguwa yawanci shi ma baƙo ne, ya tare ya tarar da ginin a haka. Sai ya leƙa ta inda katangar ta tsage, ya ga kunyoyi da busasshen karan masara da sauran kuɓewa, ya ce: "Alhaji, duk kangon da ka ga an share shi akwai mai cin moriyarsa, kuma mai cin moriyar ya san wanda yake fargabar zuwansa." Wani wurin mai gadin gidan kusa ne ke kwana a ciki, wani wurin masu buga bulo ne ke shanya, wani wurin malamin allo ne da almajiransa. A nan manomi ne, wani tsoho daga tsohon ƙauyen da unguwar ta cinye.

Yadda ya yi da tsohon nan shi ya sa na ƙara ganin girmansa. Bai tare shi a gona ba. Ya bari sai da aka idar da la'asar, ya same shi a ƙofar masallaci cikin mutane, suka gaisa, ya tambayi damina, sannan ya ce: "Baba, wannan wuri da kake nomawa, wa ya ba ka?" Tsohon ya ce wani Alhaji ne mai aiki a Legas ya ce ya riƙa nomawa don kada ciyawa ta cinye wurin, kuma tun kafin korona bai sake ganinsa ba. Daga baya na tambayi Baba me ya sa sai a gaban jama'a. Ya ce saboda hauzi. A fiƙihunmu na Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, wanda ya riƙe wuri shekara 10 ana danganta shi gare shi, mai shi yana nan yana gani bai ce komai ba, to mai shi ba shi da sauran ƙara. Amma wanda ya faɗa da bakinsa cewa aro aka ba shi, ba zai dawo gobe ya ce nasa ne ba. Wato da tambaya ɗaya ya samo hanya, ya kuma toshe wata rigima da ni ban ma hango ta ba.

Tsohon bai san sunan Alhajin cikakke ba, amma ya san maginin da ya yi aikin. Mai babur ya nemo maginin a wata majalisa. Magini ba ya manta wanda ya yi wa aiki, musamman in akwai ragowar kuɗinsa, kuma wannan akwai. Shi ya ba da suna, ya kuma ce asalin gidansu a cikin birni yake, wajen Mandawari.

Daga nan sai wajen mai unguwa. Filayen wannan yanki yawancinsu awon igiya ne, wato gona ce mai ita ya yanka fuloti-fuloti ya sayar, ba gwamnati ta auna ta raba ba. Irin wannan fili in ka je ma'aikatar ƙasa da wuya ka tarar da fayil da sunan wanda ya saya, sai in ya bi ya mayar da takardarsa ta gwamnati. Tarihinsa yana cikin takardar ciniki mai sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa ko dagaci. Baba ya shiga ya tuɓe takalmi ya durƙusa, "Allah ya taimaki mai unguwa", ya ajiye goro, aka ɗauko wani tsohon littafi mai bangon kwali da aka ɗaure da roba. Sunan ya yi daidai da wanda magini ya faɗa, ga sunan mai gonar da ya sayar, ga shaidu biyu, ɗaya yana raye. Ni da kaina in na je, mai unguwa zai karɓe ni da mutunci ya ce in dawo. Littafin ba zai fito ba. Shekarun da Baba ya yi yana zuwa sunan 'ya'yansu da jana'izar iyayensu su ne suka fito da shi, kuma gaskiya wannan nake biya, ba lambar waya ba.

A Mandawari aka tarar Alhajin ya rasu. Ya bar mata biyu da 'ya'ya, babban yana aiki a Fatakwal, wata tana aure a Kaduna, ƙananan biyu ba su balaga ba. Ba a raba gado ba. Iyalin sun san akwai wani gini a wajen gari, amma uwargida ce kaɗai ta taɓa ganinsa.

Nan ne Baba ya hana ni magana. Ina da lambar babban ɗan a hannu, ina so in kira in yi tayi kafin wani ya riga ni. Ya ce in na kira baƙo ne ni, kuma baƙon da ya kira maraya yana tambayar gidan ubansa, ɗaya daga biyu za a ɗauke shi: ɗan damfara, ko wanda ya hango wani alheri a wurin da su ba su sani ba. In na farko ne za a kashe waya. In na biyu ne kuɗin zai ninka. Sai ya bi ta limamin unguwar, liman ya haɗa shi da ƙanin mamacin. Ya yi ta'aziyya duk da an daɗe, ya yi addu'a, sannan ya ce ya zo ne ya sanar da su katangar ginin ɗan'uwansu ta tsage, kwano biyu iska ta ɗaye, kuma matasa sun fara shiga da daddare. Duk gaskiya ne, na gani da idona. Bai ɓoye cewa shi dillali ne ba. Ya ce in wata rana sun yi shawarar rabuwa da wurin akwai mai so, in kuma gyarawa za su yi, to su hanzarta kafin damina. Ya bar lambarsa ya taso. Ko sisi bai ambata ba.

Su suka kira. Kuma da suka kira, ƙanin mamacin ya so a gama a tsakanin maza, a ba shi kuɗi shi zai raba. Baba ya ce: "Yallaɓai, ba don ban yarda da kai ba, amma wannan dukiyar marayu ce. A je kotu a raba, ko alƙali ya ba da izinin sayarwa, kowa ya sa hannu." Matan biyu suna da tumuninsu da za su raba tsakaninsu, namiji yana da rabon mata biyu, ƙananan kuma ba wanda zai sayar da rabonsu haka kawai don shi baffa ne. Ya kuma ja hankalina kan shuf'a. In ka sayi kason wani magaji a gidan da ba a raba ba, sauran abokan tarayya suna da haƙƙin su biya ka abin da ka biya su karɓe. Wanda yake gari ya sani, haƙƙinsa yana faɗuwa bayan shekara, amma wanda ba ya nan yana nan kan haƙƙinsa ko da ya daɗe. Ka ga ke nan ana iya barin ka ka zuba tayil ka sa ƙofofi, sannan na Fatakwal ya dawo.

Wadda ke Kaduna mijinta ya aiko cewa ta amince. Baba ya ce yana so ya ji daga bakinta. Aka kira ta ta bidiyo a WhatsApp a gaban baffanta da uwargida, ya ce: "Hajiya, ke da kanki kin yarda a sayar, ko kunya kike ji?" Ta yi shiru, sannan ta ce ita dai a ba ta lokaci ta zo ta ga wurin tukuna, don mahaifinta ya taɓa ce mata nan zai koma in ya yi ritaya. Aka jira ta. Na ƙosa, ba zan ɓoye ba, domin siminti yana ta hawa ina kallo. Ta zo ta gani, ta sa hannu da kanta a gaban alƙali. Yau gidan yana da 'yan haya, kuma babu wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa a kansa.

Af, wani abu da ban ga wani dillali yana yi ba. Filaye da yawa a garin nan na mata ne, na gado ko wanda suka sayar da gwal suka saya, kuma wani lokaci mijin ma bai san da shi ba. In bincike ya nuna mai wurin mace ce, Baba ba ya aika namiji, ba ya kuma bi ta wajen miji. Matarsa yake turawa ta shiga cikin gida su gaisa. Ya ce ya taɓa ganin auren da tambayar fili ta girgiza.

Saurayin mai kwamfuta shi ma yana da ranarsa, ko da yake yana zuzuta aikinsa fiye da kima. Abin da ya fi burge ni shi ne tsofaffin hotunan sama na Google Earth. Yana ja baya shekara-shekara ka ga lokacin da wurin yake gona, lokacin da aka ja katanga, lokacin da kwano ya hau. Wannan yana taimakawa ƙwarai wajen kama maƙaryaci: mutum ya ce shi ya gina tun zamanin kaza, hoto ya nuna a lokacin gero ne a wurin. Yana sa lamba a Truecaller ya ga sunan da mutane suka ajiye ta da shi. In allon da ke wurin na kamfani ne, yana duba shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ya ga ko kamfanin yana nan da adireshinsa. Yana kuma bin Facebook, inda sanarwar rasuwa ko ta ɗaurin aure takan tona dangin mutum gaba ɗaya. Duk wannan yana rage tafiya. Amma ban taɓa ganin wurin da kwamfuta ita kaɗai ta kai mu ga mai shi ba. Kullum sai an koma ga manomi da magini da liman.

Shi wannan saurayin ne kuma ya taɓa kawo mini shawarar da ban so ba. Ya ce yana da wanda zai iya ciro mana sabuwar lambar mutum da adireshinsa daga bayanan wurin aikinsa, in an ba shi wani abu. Na ce a'a. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, tambayar farko da mai gida yake yi ita ce: "Wa ya ba ka lambata?" In amsarka liman ne ko maginin da ya yi masa aiki, hira ta buɗe. In ka fara inda-inda, ka rasa shi, ka kuma rasa duk wanda zai ba labari. Na gaya wa Baba, ya yi masa faɗa a gabana. Ko ya daina yi wa wasu, wannan tsakaninsa da Allah.

Yanzu inda suke da rauni, kuma raunin ba ƙarami ba ne: takarda. Sun iya mutane, ba su iya fayil ba. In wanda suka nemo ya fito da takardar mallaka mai hatimi, sunan ya dace da katin shaidarsa, a wajensu magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da kake riƙe da shi haƙƙin zama ne na wa'adi, na gidan zama yawanci shekara 99, kuma ba a mayar da shi ga wani ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce abin da ke rubuce a fayil ɗin ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, ya fi abin da ke hannun mai sayarwa nauyi.

Wani fuloti a awon gwamnati, wajen Hotoro, sun nemo mini mai shi cikin sauri, mutumin kirki mai fara'a, ya kawo fotokwafin takardarsa ya ce ta ainihin tana wajen ɗan'uwansa. Baba ya gamsu, har yana cewa in ba da kafin alƙalami kada wani ya shiga. Na ba lauyana lambar fayil ya nemi a yi bincike a hukumance. Sakamakon ya nuna an jinginar da filin ga banki, ba a kuma fanshe ba. Takardar ainihin tana can. A yi adalci, mutumin shi ne mai filin, ba su kawo mini na bogi ba, sun yi abin da na biya su. Amma da na bi shawararsu a kan kuɗi, da na sayi bashin wani. Da na nuna wa Baba takardar binciken, abin da ya ce shi ne mutumin ɗan gidan mutunci ne, zai warware. Wataƙila. Ni dai ban saya ba.

Haka ba sa damuwa su duba ko wurin ya hau hanya, ko magudanar ruwa, ko yana ƙarƙashin babbar wayar wuta, abin da tambaya a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, take warwarewa. Wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 bai kamata a sake yi masa wa'azi kan tarihin fili ba: wane ne ya ba da shi, a wane lokaci, kuma da can wurin mene ne. Ga kuma sabunta takardun mallaka da gwamnatin jiha ta kira a yi a ƙarshen 2024. Yanzu tambayar da nake fara yi wa duk mai takardar gwamnati ita ce ko ya sabunta, kuma ni nake yin ta, don su ba sa tunawa. Saboda haka na raba aikin gida biyu. Nemo mutum da shiga wajensa nasu ne. Daga lokacin da takarda ta fito, lauya da safiyo ne ke magana, kuma ba na fitar da ko naira ɗaya kafin su gama.

Abu na biyu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne baki. Mai babur ɗin nan yaron kirki ne, ba ya gajiya, amma majalisa ta fi ƙarfinsa. Na taɓa ba su wani kango a Sabuwar Gandu, kafin a kai ga mai shi labari ya zaga cewa wani Alhajin Ƙofar Ruwa yana nema. 'Yan kayi-nayi suka riga mu isa, kowa yana cewa shi ke da mai saye. Mai gidan da bai taɓa tunanin sayarwa ba ya wayi gari mutum huɗu suna sallama a ƙofarsa, sai ya yanka kuɗin da ko a Nasarawa GRA sai an yi tunani. Na haƙura. Tun daga nan na ce kada a ambaci sunana ko kasuwarmu sai an zauna ciniki, kuma wurin da nake so sosai Baba kaɗai nake gaya wa, shi ya san yadda zai aiki yaron ba tare da ya gane dalili ba. An samu sauƙi, ba a warke ba.

Sai maganar la'ada. Suna karɓa a wajena, suna kuma karɓa a wajen mai sayarwa, kamar yadda aka saba a gari. Tunda kaso ne na kuɗin ciniki, duk yadda farashi ya hau su riba ce. Ban taɓa kama Baba yana ɗora wani abu a ɓoye ba, kuma yana da wata ɗabi'a da nake so: yana zaunar da mai saye da mai sayarwa wuri ɗaya, a yi tayi a ce albarka a gaban juna har a sallama, ba ya shiga tsakani yana kai saƙo. Amma kada ka sa ran zai taya ka neman ragi. In an zo nan shiru yake yi yana jan carbi. Ka je da farashinka a ka, ka riga ka tambayi nawa aka sayar da na kusa, ka kuma lissafa abin da ƙarasa ginin zai ci a farashin kaya na yau, ba na bara ba. Kangon da ya sha damina da yawa babu rufi, wani lokaci bulon ya riga ya mutu, rushewa za ka yi ka sake, don haka kuɗin fili kawai ya kamata ka biya.

Ƙananan abubuwa: ba sa ba da rasit sai ka nema, in ka nema kuma a takardar littafin makaranta za a rubuta. Ni ta banki nake tura musu in rubuta dalili. In Baba ya ce jibi, ka sa mako a ranka. Ofishin ba shi da wurin ajiye mota, kuma daga azahar ɗin Juma'a ba za ka sami kowa ba.

Wa zan ce ya je wajensu? Mai neman kango ko fili a unguwannin awon igiya, da wanda ya hango tsohon gida a cikin birni da ya san maganar gado ce, da kuma wanda ba ɗan gari ba da ba shi da fuskar shiga wajen masu unguwanni. A irin waɗannan ban ga kamarsu ba, kuma naira 30,000 ɗin tana fita ko da mai wurin ya ce a'a, don aƙalla ka san ka cire ranka. Har mutanen da ke neman filin mahaifinsu da ya ɓace musu suna zuwa, kuma na ga an gano wa wasu. Wanda kuwa yake son fuloti a awon gwamnati yana da lambar fulotin da ta taswirar awon, ya fara da lauya, zai fi masa sauri da arha, in ya so daga baya ya kira su don su yi masa iso wajen mai shi. Mai gaggawa, wanda yake so ya saya yau ya juyar wata mai zuwa, kada ma ya soma, Baba zai sa masa hawan jini.

In za ka je, ka tafi da hoton wurin ta gaba da ta baya, ka tsaya a ƙofar kangon ka tura wa saurayin alamar wurin ta WhatsApp, don kwatancen "bayan gidan mai, layi na uku" ya sha kai mai babur kangon da ba shi ba. Ka kuma sa a rubuta tun ranar farko cewa kuɗin nema daban, la'ada daban, kuma la'adar ba ta wajaba sai lauyanka ya ce takarda ta yi. Baba zai ɗan ɓata rai ya ce shi ba a saba yi masa haka ba, amma zai sa hannu.